Ɗaki A Kan Taya Huɗu A Hanyar Agadas

A shekarun 1970, wanda ya bi hanyar Tamanrasset zuwa Agadas lalle ya gamu da Turawa 'yan yawon buɗe ido cikin Volkswagen Kombi, motar da kamfanin Westfalia na Jamus ya fara mayarwa ɗakin kwana tun 1951. Gado yana baya, bisa inji, da rana a naɗe shi ya koma kujera. Murhu kuwa gara a kafa shi bakin ƙofa, don zafi ya fita.

Amma fa a hamada jarkokin ruwa da na fetur su ke da babban mazauni, domin daga Tamanrasset zuwa In Gezzam wajen kilomita 400 ne, kuma a wancan lokaci ba gidan mai. Gwanaye sukan jera su ƙasa, tsakanin tayoyin gaba da na baya. In aka ɗora su bisa rufi, sai mota ta yi ta tangaɗi a rairayi, har ta kife.