Jirgin Da Igiya Ke Ja

Akwai wani malami a wata makaranta a Makarfi, shi ba ya son koyar da abu da baki kaɗai. Ran nan ya fita da yara gindin mangwaro, ya rataya igiya a bisa reshe, ya ɗaura bokiti a kowane gefe. Ya cika ɗaya da yashi, ya saki. Mai yashi ya yi ƙasa, ya ja wofin sama. Malam ya ce, "To, kun ga jirgin ƙasa."

Yara suka yi dariya, gama sun san hanyar jirgi ta Gimi, sun kuma san kan jirgi ne ke jan wagunu.

Amma gaskiyar Malam ce. A arewacin Ingila akwai wata hanya da a ke kira Bowes. George Stephenson ne ya shirya ta, aka buɗe ta a 1826, don a kai kwal daga ramuka zuwa Jarrow, a bakin kogin Tyne. Ƙasar tuddai ce, jiragen zamanin kuwa ba su da ƙarfin hawa. A gangaren Springwell sai aka naɗa igiya a wani babban wili a bisa tudu. Wagunu masu kaya su na sauka, nauyinsu na jawo na wofi. A tsakiyar gangare hanya ta rabu biyu, don su wuce juna. Inda kaya ne za su hau, sai inji na tsaye ya naɗe igiyar.

Babban haɗari shi ne wagunu su ƙwace. Saboda haka akwai mai birki a ɗan ɗakinsa a kan tudu, ba ya saki sai ya ji ƙararrawa daga ƙasa. Igiyar ta waya ce, ta na gudu a kan 'yan ƙarafa masu juyawa, don kada ƙasa ta cinye ta. Aka kuma yi wata dabara, ita ce ta fi burge Malam: wata 'yar hanya da ke kauda wagunun da suka tsere, su faɗi a gefe. Gara a yi hasarar kwal da a yi ta rai.

An rufe hanyar a 1974, aka adana wajen mil ɗaya da rabi, har da ɗakin inji na tudun Blackham, don na baya su gani.

Da Malam ya gama, sai wani yaro ya ce shi ne mai birki. Aka ba shi igiya. Bai jira an kaɗa ƙararrawa ba ya sassauta, igiya ta zarce, ta goge masa tafin hannu, bokiti ya faɗi tim, kusa da ƙafar ƙanensa. Malam ya duba hannun, ya shafa masa magani, ya ce a sāke cika bokiti. Wannan karon yaro ya naɗa igiyar sau biyu a jikin itace, ya tsaya ya na sauraron ƙararrawa.