Ɗigon Da Ke Cinye Kuɗin Cefane

A wajen wanki na fara gane motarmu ba ta da lafiya. Duk rigar da Malam ya tuɓe sai in tarar da tabon baƙin mai a bakin hannunta, in yi ta cuɗa har yatsuna su yi zafi. Daga baya kuɗin cefane ya soma raguwa. In na yi magana sai ya ce, "Haƙuri za ki yi, na sayi mai na ƙara wa mota."

'Yar'uwa, motar nan ita ce gonarmu. Peugeot 504 ce, irin waɗanda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, ta girmi aurenmu nesa ba kusa ba. Da ita yake jigila tsakanin Kano da Zariya. Cikin injinta kusan lita 4 yake ɗauka, amma kowane mako sai ta sha lita guda. Wani bakanike ya ce sai an sauke inji gaba ɗaya, ya yanka kuɗin da ko awarwarona na sayar ba za su kai ba. Malam ya kwana biyu ba ya cin tuwo sosai.

Ni kuwa a gidan bakanike na tashi, Yayana har yau yana Ƙofar Ruwa. Na aika masa, ya aiko da amsa gajeriya: kada a kwance komai sai an san inda yake zuba.

Kin san lungunanmu na Madabo, mota ba ta shiga, a bakin hanya take kwana. Bayan sallar isha na ba Abba kwalin taliya ya shimfiɗa a ƙarƙashinta. Da asuba ya kawo mini. Ruwan lagireto ba shi da maiƙo, man burki fari-fari ne, man giya yana da wari mai hawa kai. Wannan kuwa baƙi ne wuluk, na inji ne ba tantama.

Ranar Juma'a Yaya ya zo da kansa. Ya wanke injin da kananzir, ya bari ya bushe, sannan ya ce, "Ke, ba ni hodarki." Wallahi na ɗauka wasa yake. Ya barbaɗe jikin injin fat, aka tayar da shi kamar minti goma. Na sa mayafi na leƙo daga soro, sai ga wani siririn layi baƙi ya tsaga hodar. Yaya ya bi shi da yatsa, ba ƙasa ba, sama. Ya ce mai gangarowa yake yi, iska kuma ta kora shi baya, shi ya sa inda ya ɗiga ba nan ne ciwon ba. Mai gaggawa sai ya ga jiƙa a gindin inji ya ce sil ɗin baya ne, a sauke.

Ashe gaskit ɗin murfin sama ne, zafi ya busar da shi ya tsage. Malam kuma, Allah Sarki, kullum ƙara ɗaure notocin yake da sifana, yana ƙara matse shi. Tiyon da inji ke shaƙar iska ma ya toshe da dauɗa, hucin ciki ya rasa mafita yana tura mai waje. Yaya ya wanke tiyon, ya kankare bakin murfin, ya sa sabon gaskit, ya shafa gam ɗan kaɗan, don in ya yi yawa gutsurewa yake ya toshe hanyar mai. Ya canza wasar notin ƙasa, ya ɗaure komai daidai wa daida.

Malam bai ce mini komai ba a gaban Yaya, kin san maza. Sai da dare ya ajiye kuɗin cefane cif, har da tsire a takarda.

Da safe Abba ya shigo da sabon kwali, fes. Hodata ce dai har yau ba wanda ya biya ni.