Aro Ba Rance Ba Ne: Tunani a Kan Ƙwaƙwalwar Kwamfuta

Akwai wata shawara da ɗalibaina ke saurin karɓa a darasin shirya manhaja, domin ta dace da tarbiyyar gida: abin da za a iya sake amfani da shi ba a yar da shi. Ni kuwa nakan roƙe su su dakata, saboda a wannan fage tattali yakan jawo asara.

Duk abin da manhaja ta ƙirƙira tana cikin aiki, sunan mutum ne ko hoto ko jerin lambobi, yana cin gurbi a ƙwaƙwalwar kwamfuta. A harshen C, mai shirya manhajar ne ke neman gurbin, shi ne kuma ke mayar da shi. Wajen 1959, John McCarthy ya ƙirƙiro wa harshen Lisp dabarar da ta sauke wa mutum wannan nauyi: wani sashe na tsarin ya riƙa gano abubuwan da aka daina buƙata, yana kwashe su. Shi nake kira mai kwashe shara. Java da C# da Go duk sun bi wannan hanya. Sai dai mai sharar yakan tsayar da aiki na ɗan lokaci, kuma gudun wannan tsaiko ya sa wasu ke tanadar abubuwa a wuri guda, a ɗauka, a yi amfani, a mayar.

Wannan ma'ajiya na raɗa mata suna rumbun aro, kuma da gangan na zaɓi kalmar. Bahaushe ya bambanta aro da rance. Wanda ya ranci kwanon gero, wani geron zai biya. Wanda ya ari kwanon kansa, shi ɗin zai mayar, a wanke, a kan lokaci. Duk wahalar rumbun tana cikin wannan bambanci. Idan aka mayar da abu ba a goge shi ba, bayanan wani mai hulɗa na iya faɗawa hannun wani. Idan aka ci gaba da amfani da shi bayan an mayar, sassa biyu na manhaja za su riƙa rubutu a gurbi ɗaya. Waɗannan su ne kurakuran da aka ƙirƙiro mai shara domin a rabu da su.

Ga kuma batun sauri. A Java da C#, an gina aikin shara bisa lura cewa yawancin abubuwa ba sa daɗewa. Sababbi suna da nasu fili, ba su gurbi kuwa bai wuce matsar da alama gaba kaɗan ba. Idan filin ya cika, mai shara yakan kwashe masu rai kaɗai zuwa wani wuri, ya ɗauki sauran filin a matsayin fanko. Ke nan matacce ba ya cin komai, rayayye ke da tsada. Rumbun aro kuwa aikinsa raya abubuwa har su tsufa, kuma duk tsohon da ya riƙe sabo sai tsarin ya rubuta lissafinsa. Ga layin da sassan manhaja kan yi a ƙofar rumbu ɗaya. Shi ya sa tun 2001 Joshua Bloch, a littafinsa Effective Java, ya ja kunne a kan tara ƙananan abubuwa.

Ban ce rumbun ba shi da rana ba. Buɗe hanyar sadarwa zuwa taskar bayanai aiki ne mai tsada, ba a yin sa sabo a kowace tambaya. A C#, abin da ya kai bayit 85,000 ana kai shi wani fili na daban wanda shararsa ke da nauyi, saboda haka aka tanadi ArrayPool. Wasan bidiyo mai nuna hoto 60 a daƙiƙa ba shi da ko milisakan 17 cikakku ga kowane hoto, ɗan tsaiko kaɗan mai wasa zai gani da idonsa. Masu harshen Go sun kawo sync.Pool a 2014, amma sun bar wa mai shara ikon zubar da abin da ke ciki.

Abin da nake nema daga ɗalibi shi ne awo kafin hukunci. Ya duba sau nawa manhajarsa ke tsayawa, tsawon wane lokaci, kuma wane abu ne ke cika filin. Idan awo ya nuna abu mai tsadar ƙirƙira, ya gina rumbu, ya ɗauki alhakin wanki da mayarwa. Idan bai nuna ba, ya bar mai shara da aikinsa, kada garin gyaran gira a rasa ido.