Zuwa ga Yaya, a kan haƙoran Inna

Yaya,

 

Maganar Inna ce ta sa na rubuto miki. Duk wanda ya ga ramar da ta yi sai ya ce tsufa ne, ni kuwa na san daga bakinta abin yake. Turamenta na ƙasa sun zube, na gaba biyu kuma suna girgiɗi. In an kai mata tuwo, sai ta tsame naman ta miƙa wa jikoki, wai ba ta marmari. Gyaɗa da kwaɗon zogale da take so duk ta daina taɓawa. Koko da shayi da burodi kawai take iya haɗiya.

Kin san tana da ciwon suga, kuma irin wannan cimar ita ce ke tayar da shi. Likitoci sun tabbatar cewa suga da ciwon dasashi suna rura wa juna wuta: suga in ya hau, dasashi ya kumbura ya saki haƙori, dasashi in ya kumbura, suga ya ƙi sauka. Babban mutum haƙora 32 gare shi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya na ganin sai da aƙalla 20 ake tauna yadda ya kamata. Rahotonta na 2022 ya nuna kusan mutum ɗaya cikin huɗu na masu shekara 60 zuwa sama ba su da haƙori ko ɗaya. Ba na son Inna ta shiga cikinsu muna zaune muna kallo.

Giɓi ba ya tsayawa inda ya faro. Da zarar haƙori ya fita, ƙashin muƙamuƙin wurin yakan fara zaizayewa, na kusa da shi su karkace, kumatu su lotsa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ta koma. Inna mai raha yanzu sai ta ja mayafi ta rufe baki kafin ta yi dariya. Ta rage zuwa biki da suna. Karatun da takan ɗaga murya ta yi bayan asuba ya koma cikin zuci, don wasu haruffan sai harshe ya dogara da haƙoran gaba suke fita, na gaban kuwa ciwo suke mata.

Don Allah, Yaya, tunda ke ce a kusa, ki kai ta sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A wanke mata waɗanda suka rage, a duba dasashin, a gwada suga, sannan a auna mata haƙoran roba. Kada a bari masu cire haƙori a kasuwa su taɓa ta. Kafin nan a riƙa daka mata nama, a ba ta kifi, ƙwai, alala da miyar ganye.

Za ta ce kada a wahalar da ku, kamar yadda ta saba. Ki lallashe ta, maganarki take ji. Kuɗin kuwa mu raba, zan turo nawa ƙarshen wata in sha Allah.

Ki gaishe min da Inna da kyau, ki ce ta sa mu a addu'a.

Wassalam,
Ƙanwarki