Ɗakin da ba ya kawo kuɗin haya

Mu 'yan kasuwa idan Allah ya hore mana fili a ƙasar da muke neman abinci, lissafinmu ɗaya ne: shago nawa zai fita ta bakin titi, ɗaki nawa za a ba 'yan haya, ina za a yi sito. Da wuya ka ji an tambayi inda janareto zai zauna, ko tukunyar gas, ko batiran sola. Sai an gama gini an tare, sannan a fara cusa su lungu-lungu, wani a zaure, wani ma bayan tagar ɗakin yara.

Ni a Ngaundere nake zaune, inda layin dogon da ya taso daga Yawunde ya ƙare. Garin yana kan tudu, sama da mita 1,000, don haka sanyin Disamba da Janairu ba wasa ba ne, kowa rufe ƙofa da taga yake yi ruf. Da na zo gina gidana, tun a takarda na ware wa waɗannan kayan wurinsu. Birkila ya ce mini, "Alhaji, nan ai shago guda ne za ka yi asararsa." Na ce na ji, a bar shi haka. Ni matafiyi ne, sai in yi mako 3 tsakanin Duwala da Kusiri, uwargida da yara ke kwana da kayan nan, ba ni ba.

Abu na farko, ba a haɗa su ɗaki ɗaya. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, idan ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya kamar ruwa. Shi ya sa na yi wa tukunyar 'yar rumfa a bayan kicin, da bulo mai huji daf da ƙasa, ba soket ba makunnin fitila a ciki. Batir mai ruwa kuwa, lokacin caji yana fitar da wata iska marar nauyi mai saurin kama wuta, ita sama take tashi. To ɗakin batira da inbata hujinsa biyu: na ƙasa iska ta shigo, na sama zafi ya fita. Zafi ma cinye rayuwar batir yake, don haka na sa ɗakin ɓangaren da ranar yamma ba ta dukansa, na bar fili yadda mai gyara zai tsuguna ya yi aiki.

Janareto shi ba ɗan cikin gida ba ne sam. Masana lafiya sun ce a nisanta shi kamar mita 6 daga ƙofa da taga, bakin salansa ya juya wa gida baya. Dalili, akwai guba a hayaƙinsa, kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma jini ya fi kama ta fiye da iskar da muke rayuwa da ita sau 200 da wani abu. Irin wannan gubar garwashi ke fitarwa a rufaffen ɗaki, haka ma hitar wanka mai gas idan ba ta da bututun hayaƙi. Tawa hitar a waje take manne da bangon banɗaki, ruwan zafin kawai ke shiga. Kasko kuwa doka ce a gidanmu: a ji ɗumi, a fitar da shi kafin a kwanta.

Na kuma koya wa iyalina alamar. Idan mutanen ɗaki gaba ɗaya suka ji ciwon kai, jiri da tashin zuciya lokaci guda, kada a ce zazzaɓi ne ko iska. A fita waje, a bar ƙofa a buɗe, a nufi asibiti.

Ɗan uwa, ko haya kake a zango kana da abin yi. Ka yi magana da mai gida a ba janareto wuri can nesa, ka sayi doguwar waya mai kauri, ka fitar da tukunyar gas daga ɗakin kwana. In tsoron ɓarawo ne, keji na ƙarfe da kwaɗo ya isa. Kafin tafiyarka ta gaba, ka zagaya gidan nan kai da uwargida, ku duba inda kowane hayaƙi ke bi. Allah ya tsare mana iyali, ya sa mu dawo mu same su lafiya.