Tabon da ke Jikin Ɗan Boris

Wannan makon layi ya zo kaina, kuma ba labarin soyayya na zo da shi ba. Maganar mai ce, baƙin mai da man gas, da yadda ake gane wanda ke kare ƙarfe da wanda ke barin ƙarfe ya ci ɗan uwansa.

A garejinmu hanyar gwajin ɗaya ce. Bakanike zai ɗiga mai a yatsa ya murza, ya ce wannan yana da jiki, wancan ruwa ne. Ba na raina wannan, don yatsan da ya shekara ashirin yana juye ba ya rasa sanin wani abu. Sai dai abin da yatsa ke ji kauri ne, kuma kauri daban, santsin da ke hana ƙarfe cin ƙarfe daban. Inda ƙarafa biyu suka matse juna sosai, mai ficewa yake yi daga tsakaninsu, ba abin da ke saura sai ɗan siririn da ya manne a fuskar ƙarfen. Wannan ido ba ya ganinsa, balle yatsa.

Lokacin da nake difloma a fannin kimiyyar ɗakin gwaje-gwaje, na yi wata huɗu na sanin makamar aiki a wani kamfanin haɗa man inji. A can na fara ganin na'urar boris huɗu, wadda wani injiniyan kamfanin Shell mai suna Boerlage ya fito da ita tun 1933. 'Ya'yan boris uku ake ɗaurewa a cikin ɗan kofi, kowanne faɗinsa milimita 12.7, a zuba musu man da za a gwada. Na huɗun ya sauko a kansu da nauyin kilo 40, ya yi ta juyawa sau 1,200 a minti har awa guda, man kuma yana kan zafin digiri 75. In an gama sai a wanke ukun na ƙasa, a sa su a maikiroskof, a auna faɗin tabon da gogayya ta bari. Ƙaramin tabo, mai ya yi aikinsa. Babban tabo, ya kasa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tsantsenin aikin. Ba a yarda ka taɓa boris ɗin da hannu ba bayan an wanke shi, domin maiƙon yatsanka kaɗai ya isa ya ɓata sakamakon.

A littattafanmu jarumi likita ne ko matuƙin jirgi ko ɗan kasuwar da ke Dubai. Har yau ban ci karo da wanda aikinsa zama gaban irin wannan na'urar ba, alhali sa hannunsa na iya tsayar da tankar mai a ƙofa.

Man gas kuwa na'urarsa daban ce, ana kiranta HFRR. Ita ɗan boris ɗaya ne, mai milimita 6, yake gugar faifan ƙarfe gaba da baya sau 50 a daƙiƙa, tazarar milimita ɗaya tak, da nauyin giram 200. Man da ake bukata mililita biyu ne, bai cika rabin ƙaramin cokali ba. Minti 75 a zafin digiri 60, sannan a auna tabo. Ƙa'idar Turai ba ta yarda ya wuce maikiromita 460 ba, wato ƙasa da rabin milimita. Ta Amurka ta sassauta zuwa 520.

Me ya kawo gwada santsin man da ƙona shi za a yi? Famfon injekta, musamman irin mai juyawa na ƙananan motoci, da man gas ɗin da ke ratsa shi yake samun santsi, baƙin mai ba ya shiga cikinsa. A farkon shekarun 1990 ƙasar Suwidin ta fito da man gas da aka tace farar wutarsa kusan kaf, don tsabtace iska, sai famfunan motoci suka fara lalacewa cikin ɗan lokaci. Da aka bincika, ba farar wutar ce ke bayar da santsin ba. Tacewar da ke cire ta ce take tafiya da wasu sinadarai masu mannewa a jikin ƙarfe. Maganin bai yi tsada ba, ɗan sinadarin santsi ake ɗigawa a matatar, amma sai da na'ura za a san an ɗiga ko ba a ɗiga ba.

Nan ne maganar ta shafe mu. A 2020 ƙasashen ECOWAS sun amince a rage farar wutar man da ake shigowa da shi zuwa kashi 50 cikin miliyan. Abin so ne, huhunmu ya daɗe yana shan wahala. Amma gwargwadon tsabtar man, gwargwadon bukatarsa ga wancan gwajin, ni kuwa ban taɓa jin mai tirela ko mai janareta ya tambayi takardar santsi ba. Kowa farashin lita yake tambaya.

Ga kuma tsohuwar ɗabi'ar surka gas da kananzir duk lokacin da kananzir ya fi araha. Kananzir busasshen mai ne, santsinsa kaɗan ne ƙwarai. Inji zai tashi lafiya, ya yi ta aiki wata da watanni, famfo yana cinye kansa a ɓoye. Ranar da ya tsaya, bakaniken da ya taɓa motar daga ƙarshe shi ake riƙe wa wuyan riga, wanda ya sayar da man kuwa ko sunansa ba ya fitowa.