A Kashe Macijiya, A Bar Mana Rijiya

Yau ban zo maku da labarin soyayya kamar yadda na saba ba. Wani al'amari ne ya faru a ɗakina nan Sandamu, wanda ya hana ni barci kwana uku cur, na ga in na yi shiru ban kyauta maku ba, domin kuwa in gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Wata ranar Alhamis bayan la'asar ina tankaɗen garin tuwo, sai 'yar farina, wadda kunya ba ta bari in kama sunanta, ta ce, "Umma ki ara mani wayarki in duba aikin makaranta." Shekarunta 12. Na miƙa mata ban kawo komai a raina ba. Can na ji shirun ya yi yawa, na leƙa ɗaki, sai na gan ta ta yi zumbur ta kife wayar a kan katifa, jikinta na ɓari. Da na amsa na duba, wallahi sai da tafin ƙafata ya yi sanyi. Wani rukunin littattafai ne na WhatsApp da ni kaina nake ciki don tallar littattafaina, wata ta sako labari an rubuta a samansa wai "na matan aure ne zalla", a ƙasansa kuma an liƙa wani adireshi, da ta taɓa sai ga hotunan tsiraici waɗanda ko ni da na haifi huɗu ban iya kallo.

Da maigidan ya dawo na gaya mashi, ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ce, "Kin gani ko? Ni da zan samu iko da na sa an rufe intanet ɗin nan gaba ɗaya, a hana rubuce-rubucen nan kowa ya huta. Ke ma daga yau ki aje alƙalamin nan." Na ce, "To Malam, na ji." Alal haƙiƙa a daren nan ban ga laifinsa ba, don zuciyar uwa in ta tsorata ba abin da ba za ta yarda a ƙona ba.

Sai dai a dare na uku na tuno da 2007, lokacin ina 'yar sakandare. A shekarar ne hukumar A Daidaita Sahu ta gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ƙona littattafan Hausa a wata makarantar 'yammata a Kano, da cewa su ke ɓata tarbiyya. A wannan shekarar dai aka samu wani hoton bidiyo na wata 'yar fim da aka ɗauka da waya, ya bazu daga wannan waya zuwa waccan. Aka dakatar da shirya fim na watanni, aka naɗa Malam Abubakar Rabo shugaban Hukumar Tace Fina-finai, aka matsa wa marubuta sai sun yi rajista, har a ƙarshen 2008 aka ɗaure Hamisu Iyan-Tama mai fim ɗin Tsintsiya. To jama'a, shi wancan bidiyon da ya jawo komai fa? Ba littafi ba ne balle a cinna mashi wuta, ba ya kasuwa balle a kwashe shi. Ya ci gaba da yawonsa cikin aljihun mutane. An bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Ni kuwa irin waɗannan littattafai da ake ƙyama su suka buɗe mani ido. A ƙarƙashin filo na karanta Wa Zai Auri Jahila? na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, matar da aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama. Daga nan na san ashe mace na iya faɗin abin da ke cin ranta a kan auren dole da sakin wulaƙanci, a buga, a saya, a karanta. Da an rufe bakinta, da ire-irena ba mu ƙarasa sakandare da ƙwarin zuciya ba.

Kuma in kun lura, duk sandar da aka yanko don dukan ɓarna, wata rana akan daki mai faɗin gaskiya da ita. Dokar laifukan intanet ta Nijeriya ta 2015 ta haramta hotunan batsa na yara a sashe na 23, wannan kowa ya yi na'am. Amma sashe na 24 da ke biye da shi, da shi aka yi ta kama 'yan jarida da masu sukar shugabanni, har sai da aka yi mashi gyara a 2024. Haka da gwamnatin marigayi Muhammadu Buhari, ɗan Daurarmu, ta rufe Twitter daga watan Yuni 2021 zuwa Janairu 2022, samari suka koyi shiga ta bayan gida da abin da ake kira VPN. Yaro ya fi babba saurin gane ɓarauniyar hanya, ku tambayi duk uwar da ta taɓa ɓoye ƙuli-ƙuli.

Kada fa ku ɗauka ina wanke mu marubuta. A'a, akwai masu laifi a cikinmu. Ni kaina an sha turo mani saƙo ana cewa, "Anti ki ƙara zafi a labarin nan, ya fi shiga." Na kuma san da na ƙara, da kuɗi sun fi shigowa. Amma wadda ta rubuta ƙazanta ta watsa a rukunin da ba ta san masu shekara nawa ke ciki ba, sa'an nan ta ce wai ta rubuta "na matan aure ne", daidai take da wadda ta aje garwashi a tsakar gida ta rubuta "ban da jarirai". 'Yancin magana gaskiya ne, amma bai ba ki izinin shiga ɗakin 'yata ba.

Mu mutanen ƙasar Daura mun san labarin rijiyar Kusugu. Da macijiya ta hana mutane ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, Bayajidda bai ce a cike rijiyar da ƙasa ba, kan macijiyar ya sare, gari ya sha ruwa. Na ji ma a Ingila tun watan Yuli 2025 doka ta tilasta wa shafukan batsa su tantance shekarun mai shiga. Ko da gyara a tsarin nasu, ai ga inda suka sa mai gadi: a bakin ƙofar da yaro zai bi. Irin wannan nake fata masu mulkinmu su duba, su bi masu yaɗa tsiraici da masu lalata yara da hukunci, su bar mai alƙalami ta faɗi damuwar mata.

Kafin nan kuwa, gadin farko namu ne. Na fita daga wancan rukuni ko da zan rasa ciniki. Na sa wa wayata lambar sirri, kuma ba wayar da ke kwana a ɗakin yara. In za su yi aikin makaranta, a kan tabarma kusa da ni za su yi. Abin da ya fi mani wuya shi ne zama da yarinyar, don mu an tashe mu da kunya. Ban doke ta ba. Na ce, "Ke ba ki yi laifi ba, tarko aka ɗana. Duk ranar da kika sake ganin irin wannan, ko wani ya turo maki, ki zo gare ni, ba zan yi maki faɗa ba." Ta fashe da kuka ta ce, "Umma na zaci za ki tsane ni." Nan na gane ashe shirunmu ya fi wayar haɗari.

Maigidan kuwa, bayan mako biyu na karanta mashi wannan rubutu da dare. Ya daɗe bai ce komai ba, can ya ce, "To, ki ci gaba, amma ki riƙa rubuta abin da 'yarki za ta karanta ba ki sunkuyar da kai ba." Na ce na ɗauki alkawari, kuma ku ne shaiduna.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya tsare idanunsu da zukatansu, Ya ba mu ikon faɗin gaskiya. Amin.

Taku har kullum, daga Sandamu.